Fayyace Bayanin Kayan Aikin Kwamfuta da Hausa: Misalin Git da Masu Koyo a Agege

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sayen sabon injin niƙa ko keken ɗinki ya san cewa kayan aiki ba ya amfanuwa yadda ya kamata sai an sami bayanin yadda ake sarrafa shi. Haka abin yake ga kayan aikin kwamfuta, sai ma dai a ce lamarin ya fi tsanani a nan, domin injin niƙa ana iya kwance shi a duba cikinsa da ido, amma abin da ke gudana a cikin kwamfuta rubutu ne kaɗai ke bayyana shi. Idan rubutun ya yi duhu, to aikin ya tsaya ke nan, komai ƙwazon mai koyo.

Wannan muƙala za ta duba irin wannan rubutu na jagora, wato bayanin da ake tanadar wa mai amfani da wani kayan aiki, ta yi nazarin abubuwan da ke sa ya shige wa mai karatu duhu da kuma hanyoyin fayyace shi da Hausa. An ɗauki misali da Git, kayan aikin da masu rubuta manhajar kwamfuta suka fi amfani da shi a yau wajen adana tarihin gyare-gyaren aikinsu, tare da waiwayar kayan aikin da ke ƙunshe manhaja domin rarrabawa. Masu koyon da aka sa a gaba kuwa su ne yaran Hausawa da ke zaune a Agege da sauran unguwannin Hausawa na Legas. Abin da muƙalar ke son tabbatarwa shi ne, rubuta irin wannan bayani aiki ne na harshe kafin ya zama aikin fasaha, saboda haka yana da gurbi a darasin Hausa.

Tun daga nan ya kamata a yi wata togaciya. Kalmar manhaja tana da ma'ana biyu a Hausar yau. Malamai sun san ta da ma'anar tsarin abin da za a koyar, kafofin watsa labarai kuma sun ba ta ma'anar shirin da ke sa kwamfuta ko waya aiki. A cikin wannan muƙala za a riƙa cewa manhajar karatu ga ta farko, manhajar kwamfuta ga ta biyu.

2.0 Agege da Masu Koyo a Cikinta

Zaman Hausawa a Agege yana da alaƙa ta ƙut-da-ƙut da cinikin goro da kuma hanyar jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1912, kuma Agege na ɗaya daga cikin tashoshinsa. Da noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarabawa a farkon ƙarni na 20, sai fatake da a da suke doguwar tafiya zuwa Gwanja suka sami kasuwa a kusa da tashar jirgi. Daga nan zango ya kafu, aka sami masallatai da makarantun allo da sarautar Sarkin Hausawa. Haka kuma akwai Hausawa da yawa a Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago.

Yaron da aka haifa a irin wannan unguwa yakan tashi da harsuna da dama a bakinsa. Da Hausa yake magana a gida da makarantar allo, da Yarabanci da Turancin buroka yake hulɗa a kasuwa da filin wasa, da Ingilishi kuma yake karatu a makarantar boko. Bugu da ƙari, a 2018 Jihar Legas ta kafa dokar kare harshen Yarabanci wadda ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar. Wannan ya nuna cewa Hausar yaron Agege ta fi ƙarfi a magana, rubutacciyar Hausa kuwa sai gwargwadon abin da ya samu. Duk bayanin da za a rubuta masa, dole ne a yi la'akari da haka.

Ta ɓangaren sana'a kuma, Agege na maƙwabtaka da Ikeja, inda babbar kasuwar kwamfuta da wayoyi da aka sani da Computer Village take. Jirgin cikin gari na Red Line da ya fara ɗaukar fasinjoji a 2024 yana tsayawa a Agege da Ikeja da Yaba, kuma a Yaba ne aka buɗe cibiyar CcHUB a 2011, inda matasa masu rubuta manhajar kwamfuta ke taruwa. Ke nan tsakanin saurayin Agege da wuraren da ake wannan sana'a babu nisan ƙasa. Tazarar da ta rage ita ce ta harshe, domin da zarar ya wuce gyaran waya ya shiga rubuta manhajar kwamfuta, zai ci karo da Git, kuma zai ci karo da bayaninsa cikin wani irin Ingilishi da ko masu harshen suna kuka da shi.

3.0 Ma'anar Kayan Aikin

3.1 Adana Tarihin Gyare-gyare

Masu tsara manhajar karatu sun san matsalar da wannan kayan aiki ya zo ya warware, ko da ba su taɓa jin sunansa ba. A ɗauka cewa mutum biyar suna aikin daftarin manhajar Hausa ta aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Kowa ya karɓi kwafe ya yi gyaransa, sai aka wayi gari da fayil mai suna daftari, da daftari na biyu, da daftarin ƙarshe, da daftarin ƙarshe gyararre. Ranar da za a kai wa maɗaba'a babu wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne sahihi, ko wa ya cire wani sashe, ko dalilin cire shi.

Kayan adana tarihin gyare-gyare yana riƙe aikin ne a wuri ɗaya, kuma duk lokacin da aka kammala wani gyara yakan ajiye hoton aikin yadda yake a wannan lokaci, tare da sunan mai gyaran da ranar da aka yi da ɗan taƙaitaccen dalili. Ana iya komawa ga kowace ajiya ta baya, ana iya kwatanta ajiya biyu a ga layin da aka ƙara da wanda aka cire, haka kuma mutum biyu na iya yin aiki a lokaci guda sannan a haɗe aikinsu.

Wannan dabara ta daɗe. Marc Rochkind ya samar da SCCS a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1972, Walter Tichy ya fito da RCS a 1982, daga baya CVS ya biyo, sannan Subversion a 2000. Git kuwa Linus Torvalds ne ya ƙirƙire shi a watan Afrilu na 2005 domin aikin Linux, bayan an sami saɓani a kan kayan aikin da suke amfani da shi a lokacin mai suna BitKeeper. A watan Yuli na wannan shekara ya miƙa kula da shi ga Junio Hamano. Kamfanin GitHub da ke ba mutane wurin ajiye ayyukansu na Git a intanet ya fara aiki a 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018. Yana da kyau malami ya bambance wa ɗalibai waɗannan biyun tun farko, domin Git kayan aiki ne da ke zaune a kwamfutar mutum, GitHub kuwa kamfani ne.

Akwai wata siffa ta Git da ta dace da halin da masu koyonmu ke ciki. Kowane mai aiki yana riƙe da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa, saboda haka yana iya yin gyara da ajiya da duba tarihi ba tare da intanet ba. Sai lokacin da zai aika wa abokan aiki ko ya karɓo nasu ne yake buƙatar sadarwa. Ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin data, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma bayanin da aka rubuta domin sa ya kamata ya faɗi haka a shafin farko.

3.2 Ƙunshi da Lambar Bugu

Manhajar kwamfuta ba ta tsayawa ita kaɗai. Kusan kowace tana dogaro da wasu ƙananan shirye-shirye da wasu mutane suka rubuta. Domin sauƙaƙa rarrabawa, akan haɗa shiri da duk fayilolinsa da takardar da ke faɗin sunansa da lambar bugunsa da jerin abubuwan da yake dogaro da su, a ɗaure su wuri ɗaya. Wannan shi ake nufi da ƙunshi. Kayan aikin da ke sauko da ƙunshi ya girka shi, ya kuma nemo masa abubuwan dogaronsa, shi ne mai kula da ƙunshi. Misalinsa akwai APT na tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, da npm na masu rubutu da JavaScript, da pip na masu rubutu da Python.

Mai gyaran waya a Ikeja ba ya buƙatar dogon bayani a kan dogaro. Ya san cewa gilashin wata waya ba ya hawa kan wata ko da kamfaninsu ɗaya, sai lambar samfuri ta dace. Haka ƙunshi yake, shi ya sa lambar bugu take da muhimmanci. Akwai ƙa'idar da ta yaɗu wadda Tom Preston-Werner ya tsara, inda lambar ke da gida uku, kamar 2.4.1. Gidan ƙarshe yana ƙaruwa idan an gyara kuskure kawai. Na tsakiya yana ƙaruwa idan an ƙara sabon abu ba tare da ɓata tsohon ba. Na farko kuwa yana ƙaruwa ne idan an yi sauyin da zai iya hana tsofaffin ayyuka tafiya. Wanda ya ga an tashi daga 2.4.1 zuwa 2.4.2 zai iya sabuntawa hankali kwance, wanda ya ga 3.0.0 kuwa sai ya tsaya ya karanta bayanin sauyi.

Haɗarin dogaro ya fito fili a watan Maris na 2016, lokacin da wani marubuci ya janye ƙunshinsa mai suna left-pad daga rumbun npm. Layi 11 ne kacal a cikinsa, amma ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya suka kasa girkuwa har sai da aka mayar da shi. Irin wannan labari yana da amfani a aji, domin yana nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa ake rubuta jerin abubuwan dogaro da lambobinsu.

4.0 Wuraren da Bayani ke Yin Duhu

4.1 Abu Ɗaya Mai Suna Uku

A Git akwai wani matsakaicin wuri da mai aiki ke tara gyare-gyaren da ya zaɓa kafin ya yi ajiya. A cikin bayanan Ingilishi wannan wuri ɗaya yana da suna uku: wani lokaci a ce index, wani lokaci cache, wani lokaci kuma staging area. Dalilin haka tarihi ne, domin sunayen sun shigo a lokuta daban-daban kuma ba a kori ko ɗaya ba. Har ta kai ga umarnin git diff yana karɓar --cached yana kuma karɓar --staged, alhali aikinsu ɗaya.

Mai fassarar da bai fahimci kayan aikin ba zai buɗe ƙamus ya ba kowace kalma fassararta. Zai ce fihirisa, ya ce maɓoya, ya ce dandamali. Sakamakon haka ɗalibi zai ɗauka wurare uku ne, ya yi ta neman bambancinsu. Abin da ya dace shi ne marubucin Hausa ya zaɓi kalma ɗaya ya tsaya a kanta, sannan ya faɗi sau ɗaya cewa a rubutun Ingilishi za a ga sunaye uku, kuma duk abu ɗaya suke nufi. A nan akwai wata ɗabi'a da muke koya wa ɗalibai a darasin insha'i wadda take cutarwa a wannan fage. Mukan ce musu maimaita kalma ɗaya rauni ne, su nemi masu kama da ita. Wannan gaskiya ne a insha'in labari da na siffantawa. A rubutun jagora kuwa, sauya kalma na nufin sauya abu, don haka maimaitawa ita ce daidai.

4.2 Suna Ɗaya Mai Aiki da Yawa

Akasin wannan matsala kuma ita ce umarni ɗaya ya ɗauki ayyuka mabambanta. Shekaru da dama umarnin git checkout shi ne na komawa wani reshe na aiki, shi ne kuma na mayar da fayil yadda yake a da, wanda hakan ke shafe gyaran da ba a ajiye ba. Aiki na farko ba shi da wani haɗari, na biyu kuwa na iya cinye wahalar yini guda. Masu kula da Git sun amsa wannan kuka a bugu na 2.23 da ya fito a watan Agusta na 2019, inda suka ƙara umarni biyu: git switch domin sauya reshe, da git restore domin mayar da fayil. Tsohon umarnin yana nan bai mutu ba.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, bayanin da za a rubuta wa sabon mai koyo ya fara da sababbin umarnin, domin kowannensu aiki ɗaya yake yi. Na biyu, dole ne bayani ya faɗi bugun kayan aikin da aka rubuta shi a kai. Ɗalibin da ke amfani da tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da bugun da ya gabaci 2.23 zai rubuta git switch a ce masa babu wannan umarni, sai ya zargi kansa. Makamancin haka ya faru da sunan babban reshe. A da master ake kiran sa, amma daga watan Oktoba na 2020 GitHub ya mayar da main sunan da sababbin rumbuna ke ɗauka. Littafin da ya ce master da allon da ya nuna main suna iya tsayar da aji gaba ɗaya, alhali jimla biyu sun isa su kawar da ruɗanin.

4.3 Haruffa Masu Ƙugiya

Akwai matsalolin da suka keɓanta ga mai rubutu da Hausa, waɗanda bayanin Ingilishi ba ya sa su a gaba. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shigo rubutun boko a shekarun 1930, duk suna da gurbi a tsarin Unicode, kuma Git yana adana rubutun da ke ɗauke da su ba tare da ɓata shi ba. Sai dai idan harafin ya faɗo a sunan fayil, Git a saitinsa na asali yakan nuna shi da lambobi. Fayil mai suna ƙamus.txt zai bayyana a allo kamar haka: \306\231amus.txt. Ɗalibi zai tsorata ya ɗauka fayil ɗinsa ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Maganin abin layi ɗaya ne: git config core.quotepath false.

Haka kuma alamar ɗauri da muke sa wa 'y a Nijeriya, wadda a Jamhuriyar Nijar ake rubutawa ƴ, tana da wata ma'ana ta daban a wurin rubuta umarni, inda take nuna buɗe zance. Wanda ya sa wa fayil suna 'yankasuwa.txt ya rubuta umarni da sunan haka tsirara, zai ga kwamfuta ta yi shiru tana jiran ya rufe zancen da ta ɗauka ya buɗe. Mafita ita ce a kewaye sunan da alamar zance mai baki biyu, ko a guji wannan alama a sunayen fayiloli. Waɗannan abubuwa biyu sun isa hujja cewa fassara kaɗai ba ta wadatar ba, domin abin da babu shi a asali ba zai fito a fassara ba. Sai an rubuta bayanin tun daga tushe domin mai karatun Hausa.

5.0 Hanyoyin Fayyacewa

5.1 Rarrabe Nau'o'in Bayani

Daniele Procida ya yi wani rabo mai amfani da aka sani da Diátaxis, inda ya kasa rubutun jagora gida huɗu. Akwai darasin da ke riƙe hannun sabon shiga mataki-mataki, akwai jagorar da ke nuna wa wanda ya riga ya iya yadda zai warware wata matsala guda, akwai kundin dubawa mai jera umarni da ma'anoninsu, sannan akwai sharhin da ke bayyana dalilin da ya sa abu yake yadda yake. Shafukan bayanin da ke zuwa tare da Git mafi yawansu kundin dubawa ne. Miƙa wa sabon mai koyo irin wannan kundi daidai yake da miƙa wa ɗan aji ɗaya ƙamusun Bargery na 1934 a ce ya koyi Hausa da shi. Abin da Hausa ta fi buƙata a matakin farko shi ne darasi da sharhi.

5.2 Keɓaɓɓun Kalmomi

Ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. An yi shi a fannin nazarin harshe da adabi, kamar yadda Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna, kuma da shi ne aka sami damar koyar da nahawu da Hausa har matakin jami'a. Hanyar da aka bi a can ita za a bi a nan: a fara duba kalmar da harshe ya riga ya mallaka, a faɗaɗa ma'anarta, idan ba a samu ba a ari ta waje a yi mata kwaskwarima. Ga shawarar da wannan muƙala ke gabatarwa domin masana su tattauna:

rumbu: wurin da aikin yake tare da dukkan tarihinsa;
tabarma: matsakaicin wurin da ake tara gyaran da aka zaɓa;
ajiya: hoton aikin da aka adana tare da suna da rana da dalili;
reshe: layin aiki da ya rabu da babban layi;
haɗewa: mayar da aikin reshe cikin wani reshen;
saɓani: inda mutum biyu suka gyara wuri ɗaya ta hanya daban;
ƙunshi: shiri da aka ɗaure domin rarrabawa;
bugu: fitowar shiri mai ɗauke da lamba.

Umarnin kansu kuwa ba a taɓa su. An fassara saƙonnin Git zuwa harsuna kamar Faransanci da Jamusanci da Sinanci, amma a duk waɗannan harsuna git add yana nan git add. Saboda haka bayanin Hausa zai rubuta umarni harafi da harafi yadda kwamfuta ke karɓarsa, a layinsa shi kaɗai, sharhin da ke kewaye da shi ne zai zama Hausa.

5.3 Misali Daga Rayuwar Mai Koyo

Kalmar tabarma an ɗauko ta ne daga sana'ar da ta kafa zangon Agege. Mai goro yakan zazzage kayansa, ya tsince masu kyau ya jera a tabarma, ya ware masu sankara, sai ya gamsu da abin da ke kan tabarmar sannan ya jera a huhu ya ɗaure, ya yi masa alama. Ga yadda darasi na farko zai iya kasancewa a kan wannan misali:

“Ka rubuta wasiƙa a fayil mai suna wasika.txt. Yanzu ɗora ta a tabarma:

git add wasika.txt

Ba ka ajiye komai ba tukuna, zaɓe kawai ka yi. Duba abin da ke kan tabarma:

git status

Za ka ga sunan fayil ɗinka. Idan ka gamsu, yi ajiya ka rubuta dalili:

git commit -m "Na rubuta gaisuwa"

Yanzu ajiyarka ta shiga rumbu. Ko ka ɓata wasiƙar gobe, ta yau tana nan.”

A lura da siffofin wannan ɗan rubutu. Kowace jimla aiki ɗaya take umarta. Bayan kowane umarni an faɗi abin da mai koyo zai gani, domin ya san ko yana kan hanya. An kuma faɗi abin da bai faru ba tukuna, wanda shi ne wurin da sababbi suka fi yin kuskure. Amma kowane misali yana da iyaka, kuma wajibi ne marubuci ya faɗi iyakar. Goron da aka ɗora a tabarma ya bar buhu, fayil kuwa yana nan inda yake, kwafensa ne ya hau tabarma. Idan aka sake gyara fayil ɗin bayan an ɗora shi, sabon gyaran ba ya kan tabarma sai an sake ɗorawa.

5.4 Gwaji

Masu iya magana na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanyar auna rubutun jagora ita ce a ba wanda bai taɓa yin aikin ba, a zauna a gefe a yi shiru, a rubuta duk wurin da ya tsaya. Duk inda ya tsaya, laifin rubutu ne, sai a koma a gyara. Yaron Agege ma'auni ne mai kyau a nan, domin kalmar da ta yi zurfi a karin harshen Sakkwato ko Katsina za ta tsayar da shi nan take, haka ma jimlar da ta yi tsawo. Bayanin da ya fahimta, ɗan Kano ko Zariya ba zai sha wahalarsa ba.

6.0 Gurbinsa a Manhajar Hausa

Ba ana neman malamin Hausa ya koma malamin kwamfuta ba ne. Manhajar karatu ta sakandare ta riga ta tanadi insha'i da fassara da ƙa'idojin rubutu, kuma a ƙarƙashin waɗannan ne aikin zai shiga. A ƙaramar sakandare ana iya fara rubutun umarni da abubuwan da ɗalibi ya sani, kamar yadda ake sa kati a waya ko yadda ake haɗa kunun gyaɗa, a sa wani ɗalibi ya bi rubutun abokinsa a gaban aji. A babbar sakandare sai a shigo da ƙa'idar kalma ɗaya ga abu ɗaya, da rubuta taƙaitaccen dalilin gyara a layi guda, wanda horo ne mai kyau na taƙaitawa. A kwalejojin ilimi da jami'o'i kuma ɗaliban fassara na iya haɗa gwiwa da na sashen kwamfuta. Littafin Pro Git na Scott Chacon, wanda ya fito a 2009 aka sake buga shi a 2014 tare da Ben Straub, yana ƙarƙashin lasisin da ya yarda a fassara shi matuƙar ba don kasuwanci ba, don haka babobinsa na farko za su yi daidai da aikin ƙarshen zango.

Akwai kuma abin da masu tsara manhajar karatu za su ɗauka wa kansu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta fito a 1977, an sake duba ta a 1981 da 1998 da 2004 da 2013, kuma manhajojin da ke bin ta su ma suna sauyawa. Sau da yawa kwafen da ke hannun malami hoto ne na hoto, babu bango, babu shekara. Malamin da ke koyar da Hausa a Legas, nesa da cibiyoyin nazarin harshen, shi ya fi shiga wannan hali, domin ba shi da abokan aiki da yawa da zai tambaya. Idan kowane kundi ya ɗauki lambar bugu da shekara a ƙasan kowane shafi, aka kuma haɗa shi da shafi ɗaya mai jera abin da aka ƙara da abin da aka cire, to an ɗauki mafi amfanin abin da ke cikin wannan fasaha ba tare da an taɓa kwamfuta ba. Kwamitin da ke son amfani da Git kansa kuwa ya sani cewa ya fi iya nuna bambancin layi da layi a tsuran rubutu, bai cika yin haka ga fayilolin Word ba.

7.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa wahalar da mai koyo ke sha da Git da masu kula da ƙunshi tana fitowa ne daga abubuwan da malamin harshe ya saba da su: abu ɗaya da aka ba suna da yawa, suna ɗaya da aka ɗora wa aiki da yawa, rubutun da bai faɗi zamaninsa ba, da misalin da ba a faɗi iyakarsa ba. Ta kuma nuna cewa mai rubutu da Hausa yana da matsalolinsa na haruffa masu ƙugiya da alamar ɗauri, waɗanda sai bayanin da aka rubuta domin sa zai kula da su. Shawarar da ake bayarwa ita ce a zauna a daidaita kalmomin da aka gabatar a 5.2 tare da masu wannan sana'a, a rubuta gajeren darasi na gwaji, a kai shi hannun masu koyo a Agege da Idi-Araba, sannan abin da aka gyara bayan gwajin ya zama bugu na farko da za a miƙa wa makarantu.